ILMIN MAJIGI: YADDA ZA A GANE FIM MAI KYAU

Darasi domin Hakimai da Malamansu a Masarautar Zuru

Sau da yawa takarda ta kan zo wa Hakimi daga Ƙaramar Hukuma, ko daga Ma'aikatar Lafiya, ko ta Aikin Gona, ana sanad da shi cewa ran kaza ga wata za a kawo majigi ƙasarsa, ana kuma roƙonsa ya tara jama'a. Hakimi ya aika wa dagatai, dagatai su gaya wa masu unguwa, mai shela ya zaga gari. Da dare ya yi sai fili ya cika, maza da mata, yara da manya, har da tsofaffin da ba su cika fita bayan isha'i ba.

To, waɗannan mutane ba su san wanda ya shirya fim ɗin ba, ba su kuma san abin da ke cikinsa ba. Maganar Hakimi ce ta fito da su. In abin da aka nuna ya amfane su, Hakimi ya sami yabo, gobe in ya kira za su zo da hanzari. In kuwa shirme ne, ko ya ci mutuncin al'adarsu, ko ya faɗi abin da ba haka ya ke ba, masu majigi za su naɗe kayansu su tafi da safe, Hakimi ne zai zauna da ƙorafin. Ran da ya sake kiran taro domin riga-kafi ko rabon taki, sai ya tarad da fili rabi.

Sabo da haka ya wajaba Hakimi da malaminsa su san yadda a ke auna fim, kamar yadda su ke sanin auna hatsi da shari'ar iyakar gona. Ma'aunin kuwa guda ne, shi ne wannan darasi zai bayyana: fim mai kyau shi ne wanda mai kallo ya ga zamansa na yau da kullum a ciki, ya gaskata shi, ya kuma koma gida da abu ɗaya wanda zai iya maimaita wa wanda bai zo ba.

MENE NE FIM?

Fim jerin hotuna ne marasa motsi, waɗanda a ke wucewa da su gaban ido da sauri. A fim irin na sinima hoto 24 ke wucewa cikin sakan ɗaya, ko wane ya bambanta kaɗan da wanda ya gabace shi. Ido ba ya iya rarrabe su, sai ya ga kamar mutum yana tafiya, ko doki yana sukuwa. Watau fim na minti goma yana ɗauke da hoto 14,400.

Waɗansu 'yan'uwa biyu Faransawa, masu suna Lumière, su ne suka nuna wa jama'a irin wannan hoto a birnin Paris cikin watan Disamba na 1895, mutane suka biya kuɗi suka kalla. A Nijeriya an fara nuna shi a Ikko, a ɗakin taro na Glover, cikin watan Agusta na 1903. A lokacin nan hoto ne kurum babu magana. Sai a ƙarshen shekarun 1920 aka sami dabarar haɗa shi da murya.

Abin da ya fi muhimmanci mai karatu ya riƙe shi ne, duk abin da aka gani a farin ƙyallen nan, wani ne ya zaɓe shi. Shi ya zaɓi inda zai kafa kyamara, da abin da zai bari a waje, da hoton da zai biyo bayan wani. Wani malamin fim na ƙasar Rasha, mai suna Kuleshov, ya gwada wannan wajen shekarar 1920. Ya ɗauki hoton fuskar mutum ɗaya, ya haɗa shi da hoton kwanon miya, masu kallo suka ce mutumin yunwa ya ke ji. Ya haɗa hoton nan dai da na gawa, suka ce baƙin ciki ya ke yi. Fuskar kuwa ba ta sake ba ko kaɗan. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a sha'anin fim sai a ƙara da tambaya: wa ya nuna, me kuma ya ke so a gani?

YADDA MAJIGI YA ZO ƘASAR AREWA

Kalmar majigi ta samo asali daga sunan da Turawa ke kiran wata tsohuwar fitila mai haska hoto a bango. Da farko waɗansu mutanen Arewa har dodon bango su ke ce masa.

Wani ma'aikacin lafiya Bature, William Sellers, shi ya fara amfani da fim a Ikko domin wayar da kan jama'a game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, tun wajen ƙarshen shekarun 1920. A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa wani sashe na musamman mai shirya finafinai domin ƙasashen da ke ƙarƙashinta, ta ɗora shi a kansa. Sashen ya yi aiki har 1955. Kafin ya rufe, Nijeriya ta riga ta sami nata sashen, daga baya kuma Jihar Arewa ta sami nata a Kaduna.

Motar majigi ta kan zo da injin wuta, da lasifika, da farin ƙyalle, da mai bayani wanda ke fassara wa jama'a abin da su ke gani. A kan fara da labaran ƙasa, kamar rangadin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ko buɗe wata sabuwar asibiti, sa'an nan fim na koyarwa a kan tsabta ko noma, a rufe da wani abin ban dariya. En'e ce ke shirya masauki, Hakimi kuwa shi ke tara mutane. A zamanin nan Zuru tana cikin Lardin Neja. Ta koma Jihar Sakkwato a 1976, ta kuma shiga Jihar Kebbi da aka kafa ta a 1991. Dattawan Arewa da yawa har yanzu suna tuna Baban Larai, wani fim na Hausa da aka yi domin koyar da kyakkyawan noma. An manta da ɗaruruwan finafinan da aka nuna tare da shi, shi kuwa sunansa ya zauna, domin mutane sun ga manomi irinsu, mai magana irin tasu.

Akwai wani kuskure na wancan zamani wanda ya kamata a sani, don kada a maimaita shi. Masu shirya finafinan nan sun ɗauka cewa mutumin ƙauye ba zai gane hoto ba sai an bi da shi a hankali ƙwarai. Su kan ba da labarin wani fim na tsabtace gida, wanda bayan an gama aka tambayi masu kallo abin da suka gani, suka ce kaza, alhali kazar ta gilma ne kurum ta gefen hoto. Daga nan suka yanke cewa jama'a ba su iya kallo ba, suka riƙa yin finafinai masu jan jiki, da mutum biyu kullum, ɗaya mai wayo ɗaya wawa.

A farkon shekarun 1950 aka aiko wani masani, Peter Morton-Williams, ya bincika al'amarin a ƙauyukan Nijeriya, har da na Hausawa. Ya zauna cikin masu kallo, aka rubuta masa abin da su ke faɗa, ya tambaye su bayan an tashi, ya kuma sa 'yan makaranta suka rubuta abin da suka fahimta. Ya tarar mutane suna gane dabarun hoto nan da nan. Inda fim ya kasa shiga zukatansu, sai a tarar abin da ke cikinsa ne bai dace da zamansu ba. Watau laifin na masu fim ne. Ko labarin kazar nan ma, in an duba, yana nuna kaifin idon manomi ne, domin ya tsinci abu ɗaya mai rai cikin hoton da ya gundure shi.

ABUBUWA BIYAR DA A KE DUBAWA

Wanda zai auna fim ba ya bukatar ya iya riƙon kyamara, kamar yadda mai sayen doki ba ya bukatar ya iya ƙira kafin ya duba linzami. Abubuwa biyar zai lura da su.

Na ɗaya, labari. Ko wane fim mai kyau yana da mutum wanda ke neman wani abu, da abin da ya tare masa hanya, da yadda aka ƙare. Manomi yana so dawarsa ta kai shi damina, ƙwari suna cinye ta a rumbu, ya nemi dabara. Wannan labari ne, kowa zai so ya ga ƙarshensa. Amma in wani mai babbar riga ya zauna bayan tebur yana jero dokokin ajiyar hatsi, wannan lacca ce aka ɗauka a hoto, kafin minti biyar yara sun fara guje-guje. Gwajinsa mai sauƙi ne: malamin Hakimi ya gwada ba da labarin fim ɗin cikin jimla uku. In ya kasa, talakawa ma za su kasa. Fim na koyarwa kuma ya tsaya a kan magana ɗaya. Wanda ya haɗa riga-kafi da rajistar haihuwa da biyan haraji cikin rabin sa'a, ba ko ɗaya da zai zauna.

Na biyu, mutane da wuri. A duba tufafinsu, da gidajensu, da gonakinsu, da kayan aikinsu. Ƙasar Zuru ƙasar duwatsu ce, ta fi Sakkwato da Birnin Kebbi samun ruwan sama, dawa ce kuma babban abincinta. In aka nuna wa mutumin Dabai ko na Mahuta manomi a shimfiɗaɗɗen rairayi yana aiki da tarakta, zai yi kallo ya ji daɗi, amma a ransa zai ce wannan ba da shi a ke ba. An yi wani fim a ƙasar Udi, gabashin Nijeriya, a 1949, a kan yadda mutanen ƙauye suka gina ɗakin haihuwa da aikin gayya. Mutanen wurin da kansu suka fito a ciki, fim ɗin kuwa ya ci babbar kyautar Oscar a Amurka a 1950. Ban da haka, a lura ko wanda aka nuna yana kuskure an bar masa mutuncinsa. Uban da ya hana a yi wa ɗansa allura yana da dalilinsa, ko da dalilin ba daidai ba ne, kuma irinsa suna zaune cikin masu kallo. In aka mai da shi wawa abin dariya, za su tashi da fushi. In aka nuna shi mutum mai ƙaunar ɗansa wanda tsoro ya ruɗe shi, za su bi shi har inda ya sake shawara.

Na uku, hoto da haɗinsa. Hoto iri uku ne a taƙaice. Akwai na nesa, mai nuna gari ko gona gaba ɗaya, don a san inda a ke. Akwai na tsaka-tsaki, mai nuna mutane suna aiki ko zance. Akwai na kusa, mai nuna fuska ko hannu. Gwani ya kan fara da na nesa, ya matso a hankali, ya kawo na kusa daidai inda a ke bukatarsa. In ana koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaro mai gudawa, dole a ga hannun uwa da cokali da kwalba sosai, a kuma bar hoton ya daɗe har mai kallo ya ƙidaya. In kuwa an ƙara girman wani ƙaramin abu, kamar sauro ko ƙwaron hatsi, a fara nuna shi a kan fatar mutum ko cikin tafin hannu, don a san ainihin girmansa. Alamar kyakkyawan haɗi ita ce mai kallo bai taɓa tambayar na kusa da shi ina a ke yanzu ba, ko wane ne wannan.

Na huɗu, harshe da murya. Masarautar Zuru ta tara ƙabilu da yawa: Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Hausawa, da Fulani, da sauransu. Hausa ce ta haɗa su a kasuwa, amma akwai tsofaffi da mata a ƙauyuka waɗanda harshen gida ya fi shiga kunnensu. Fim da aka yi da Turanci, ko da Hausar 'yan boko mai cike da aron kalmomi, yana bukatar mai bayani ɗan ƙasa. Mai bayanin nan kuwa ya ga fim ɗin tun da rana, ya shirya abin da zai faɗa, domin rabin nasarar tsohon majigi daga bakin mai bayani ta fito. Kiɗa ma a lura da shi. In ya danne magana ya ɓata aiki, in kuwa an cusa waƙa inda labari bai neme ta ba, ta kan yanke zaren tunanin mai kallo.

Na biyar, gaskiya. Wannan shi ne uban sauran. A tambaya: abin da fim ya ce a yi, yana yiwuwa a nan? In ya ce a kai mai naƙuda asibiti, akwai asibitin kusa, akwai ungozoma a ciki? In ya yabi wani irin shuka, ana samunsa a kasuwar Zuru ko ta Ribah, da kuɗin da talaka zai iya? Fim da ya yi alkawarin abin da babu ya fi rashin fim muni, domin yana koya wa mutane ƙaryata Hukuma. A kuma tambayi wanda ya biya kuɗin yinsa. Na Ma'aikata daban, na ɗan kasuwa mai tallan magani daban, na ɗan siyasa daban, ko da ya ke duka a ƙyalle ɗaya a ke haska su.

DARASIN GEZAWA

Ga misalin abin da fim mai kyau ke iya yi. A 2003 aka dakatad da riga-kafin shan inna a Jihar Kano sabo da jita-jitar da ta bazu a kan maganin. An koma yi a 2004, amma iyaye da yawa suka ci gaba da ɓoye 'ya'yansu. Wajen 2008 waɗansu likitoci da ma'aikatan lafiya suka farfaɗo da tsohuwar dabarar majigi a ƙasar Gezawa. Suka nuna wa jama'a yadda cutar ke kama yaro, da yara irin nasu waɗanda ta nakasa, da iyayen yaran suna faɗin halin da su ke ciki. Shugabannin gari suna zaune a wurin, bayan an gama kuma aka ba da dama kowa ya yi tambaya. Yawan yaran da aka kawo riga-kafi ya ƙaru ƙwarai a ƙauyukan da aka yi wannan. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatad da cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka, ko da ya ke an ci gaba da riga-kafi domin tsare yara.

In an duba, abubuwa biyar ɗin nan duka sun haɗu a Gezawa: magana ɗaya, mutanen gida, hoto bayyananne, harshen jama'a, da maganin da ke nan a hannu. An kuma ƙara da na shida, watau zaman shugabanni a wurin da amsa tambayoyi.

FINAFINAN NISHAƊI

Yawancin finafinan da talakawa ke kallo yau ba Hukuma ce ke kawo su ba. Suna zuwa ta gidajen kallo, da talabijin, da wayar hannu. Tarihinsu a Arewa ya daɗe. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937. Daga shekarun 1950 finafinan Indiya suka shigo suka karɓu, domin mutane sun ga kunya, da biyayyar iyaye, da rikicin auren dole, abubuwan da suka sani a gida, ko da ya ke ba su jin harshen. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim, labarin yaron da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa. Ya kuma yi aikin wani fim a kan Kanta na Kabi a ƙarshen shekarun 1970. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitad da Turmin Danya a kaset, daga nan sana'ar finafinan Hausa ta bunƙasa, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace su a 2001.

Ma'aunin nan dai shi ne na waɗannan. Fim na nishaɗi ba a neman ya koyar da noma, amma ana neman labarinsa ya tsayu, mutanensa su yi abin da mutane ke yi, ƙarshensa ya fito daga abin da ya gabata. Wanda matsalarsa ta warware domin wani attajiri ya faɗo daga sama a minti na ƙarshe, mai shi ya gaza. Yawan motoci da benaye da adon 'yan wasa ba su ƙara wa fim daraja. Idan iyaye suka kawo ƙarar wani gidan kallo, Hakimin da ya san wannan ma'auni zai iya rarrabe fim mai ɓata tarbiyya da wanda ya nuna mugun hali domin a ga sakamakonsa. Ba zai hana duka ba, ba zai kuma ƙyale duka ba.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Kafin ranar, Hakimi ya nemi a nuna masa fim ɗin tukuna, tare da malaminsa, da ma'aikacin lafiya ko malamin gona, da dattawa biyu ko uku, da wata dattijuwa mai faɗa a ji cikin mata. A ƙasar da Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya ke zaune tare, ya kyautu ko wane ɓangare ya sami mai gani a madadinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In an ga abin da zai ta da hankali, a gaya wa masu fim tun da wuri.

A zaɓi lokaci bayan an kai amfanin gona gida, a kauce wa lokacin ibada da daren kasuwa. Daren da babu farin wata ya fi fitad da hoto. Inda halin tsaro bai ba da damar taron dare ba, a yi da rana cikin ɗakin makaranta, a rufe tagogi, a raba mutane kashi kashi.

A kula da lafiyar jama'a. Ran 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. Don haka in cikin ɗaki ne, ko wace ƙofa ta kasance a buɗe, kada a cika shi fiye da kima, injin wuta da man fetur su zauna waje nesa da mutane. Wannan ya shafi gidajen kallon ƙwallo da ke cikin gunduma. A keɓe wa mata wuri inda za su gani su kuma ji sosai, domin yawancin finafinan lafiya da su a ke.

Lokacin da a ke nunawa, malamin Hakimi ya zauna gefe inda zai ga fuskokin mutane, ya rage kallon ƙyalle. Ya rubuta inda aka yi dariya, da inda aka yi tsit, da inda aka yi gunaguni, da lokacin da mutane suka fara zamewa. Dariya a inda ba a nufi dariya ba alama ce wani abu ya kauce.

Kashegari ya tambayi mutum biyar ko shida dabam dabam, tsoho da saurayi da matar aure da ɗan makaranta. Kada ya ce, fim ya yi kyau? Kowa zai ce ya yi, don ladabi. Ya ce su ba shi labarin abin da suka gani, kamar shi bai je ba. Abin da suka faɗa shi ne abin da fim ya koyar, ko da ya saɓa wa nufin masu shi. Bayan wata ɗaya ya bincika a asibiti ko wurin malamin gona ko an ga wani canji. Sa'an nan ya shigar da duka cikin littafin ofis: sunan fim, da wanda ya kawo shi, da rana, da wuri, da kimanin yawan maza da mata, da harshen da aka yi bayani, da tambayoyin da aka yi, da ra'ayin Hakimi. A aika da kwafi ga Majalisar Sarki da Ma'aikatar da ta aiko.

IN ZA A ƊAUKI HOTON ƘASAR ZURU

Yanzu kyamara ta shiga aljihun samari, baƙi kuma suna zuwa ɗaukar hoton bikin Uhola, da kokawa, da wurin kadojin Girmace. Ƙasar nan tana da labaran da suka isa fim. Ga Golmo, inda saurayi da abokansa ke yi wa surukai noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ga tsofaffin sojoji, waɗanda Zuru ta yi suna da su, ko wane da abin da ya gani. Ga malamai da ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, waɗanda za su iya nuna sabuwar dabara a gonar Bazure da harshensa. Mai son koyon sana'ar sosai kuwa, akwai makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos.

Wanda ya zo neman izinin ɗaukar hoto, Hakimi ya tambaye shi labarin da zai bayar, da inda zai nuna shi. Ya haɗa shi da dattijon da ya san al'adar, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ya gaya masa wuraren da masu su ba su yarda a ɗauka ba. Ya sa a nemi yardar duk wanda za a nuna fuskarsa. Daga ƙarshe ya ɗaure shi da alkawari cewa in ya gama zai dawo ya nuna wa mutanen da ya ɗauka, ya kuma bar kwafi ɗaya a ofishin Hakimi. Ran da ya dawo, malamin Hakimi ya zauna gefe da littafinsa, ya auna wannan fim da ma'aunin da ya auna sauran.